Ba Taurin Kai Halifa Yake Yi Ba

Ƙofar Kwaya,
Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Zulai,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da baban Halifa, da shi maigidan nawa Halifa. Allah Ya kai ku Lokoja lafiya, Ya tsare hanya gaba da baya, Ya raba ku da sharrin ƙarfe da na mutum, Ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama.

Za ki tarar da takardar nan cikin jakar da na sa maki kuka da daddawa. Na san za ki ce ga waya, me ya kawo rubutu. Maganar ba ta waya ba ce. In na fara ta da baki ba zan kai ƙarshe ba, ke kuma za ki tare ni da "to Inna, na ji." Shekara uku kina gabana kina karatu, mijinki yana can wajen aiki. Yanzu kin gama, za ki koma ɗakinki a garin da ba ki da uwa ba ki da gwaggo. Ba zan yi maki wa'azin zaman aure ba, an yi maki shi tun ranar da aka kai ki. Magana ɗaya ce, ta bayan gidan Halifa.

Ranar Talata kina haɗa kaya, na ga yaron ya laɓe bayan ƙofar ɗakina. Ya ɗage bisa yatsun ƙafa, ya matse cinyoyi, ya riƙe labule da hannu biyu, goshinshi ya yi gumi. Kika hango shi kika ce, "Halifa, a wando kuma? Ƙazami kawai! Wuce kan fo kafin in zane ka." Ya ce ba ya jin kashi. Kika ɗauke shi cak kika ɗora bisa fo, ya sandare yana kuka, bai yi komai ba. Da la'asar kika ga wandon ya ɓaci, kika ɗaɗa mashi biyu a cinya. Ban ce uffan ba, don akwai 'yan sallama a tsakar gida, kuma ba zan gyara maki riƙon ɗa gaban mutane ba. Amma na san muryar da kika yi magana da ita, tawa ce. Tsayuwar da yaron ya yi kuwa ta Yayanku ce, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ba ki san labarin ba, don ba a haife ki ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗauko shi a gidan nan.

Yayanku ɗan fari ne, kin san har yau ba na kiran sunanshi. Da aka yaye shi, kakarku Iya ta zo daga Rimi ta tafi da shi kamar yadda aka saba. Ya fi shekara a can. A ƙauye ba ruwan yaro da masai. In ya ji, sai ya zaga bayan danga ya tsuguna a fili, kaji na kiwo kusa da shi, Iya ta bi shi da buta. Da ciwon ƙafa ya matsa mata, aka maido mani shi yana da shekara uku da 'yan watanni, kamar Halifa yanzu. Lokacin muna gidan haya a Ƙofar 'Yandaka, marigayi babanku yana da shagon kafinta a bakin layi, ni ina koyarwa a firamare, ga cikin yayarki Binta.

Masan gidan irin na da ne: ɗan ɗaki ba taga, rufin kwano, rami mai faɗin baki, kyankyasai na fitowa daga ciki. Kwana biyu da dawowarshi, yaron ya tsuguna a gindin darbejiyar tsakar gida, gaban matan da muke haya tare. Ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Malama, fito, ɗan ƙauyenki ya yi mana ajiya." Suka yi dariya. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane tsafta a aji. Na fizge shi na kai shi masai, na riƙe shi ta hammata bisa ramin, na ce nan ake yi. Ya leƙa ƙasa, ya ƙanƙame wuyana, ya kwarma ihu. Na ce a raina icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka na dinga yi kowace safiya, kuma cikin gaggawa, ido ɗaya kan yaro ido ɗaya kan agogo, don kada in makara.

Ban taɓa durƙusawa daidai tsawonshi na kalli ramin nan yadda yake ganinshi ba. Dariyar matan nake gudu, shi na ɗora wa nauyin. To ke, baban Halifa ya ce masan sabon gidan na zamani ne, mai zama. A wurinki jin daɗi ne. A wurin yaro kujera ce mai tsawo da rami a tsakiya, ƙafafunshi na reto, ruwa na ƙugi a bayanshi. Ki tafi da fonshi da ya sani, shuɗin nan, kada ki ce tsoho ne za ki sayi sabo a can. Makonnin farko kada ki tsananta, sabon gida kaɗai ya ishi yaro ruɗewa. Ran da ya yarda ya hau na zamanin, ki sa mashi kujera 'yar tsugunno ƙarƙashin ƙafa, ya taka da kyau, gwiwoyinshi su ɗan ɗara ƙugu. Ba mai iya yunƙuri ƙafa na lilo, ko babba ne.

Yayanku ya daina yi gaba ɗaya. Kwana uku, kwana huɗu. Ni har ina jin daɗi, tsakar gida ta huta. A na biyar abin ya fi ƙarfinshi, ya fito da tauri kamar dutse, ya tsaga shi, har da ɗan jini. Ya yi kuka sosai. Na wanke shi na ce ai ga shi nan, alhakin gardama ne. Daga ranar ya haɗa kashi da azaba, ya fara wannan laɓewa bayan ƙofa. In na gan shi ya ɗage ya matse ƙafafu fuska ta murtuke, sai in ce ga shi can yana yi mani a wando da gangan, in cire silifas. Wata da watanni ina dukan yaro a kan yana ƙoƙarin yi, ashe ƙoƙarin riƙewa yake. Ki lura da kyau: mai son ya yi tsugunawa yake, mai riƙewa miƙewa yake. Abin da Halifa ya yi ranar Talata miƙewa ce.

Kuma abin zagaye yake yi. Ya riƙe don tsoron zafi, riƙewar ta sa ya ƙara tauri, taurin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro. Duka ba ya shiga ko'ina cikin wannan zagaye sai wajen tsoron, can yake ƙara nauyi.

Bayan nan sai wani sabon abu ya ɓullo. Wandonshi ya riƙa ɓaci da wani ruwa-ruwa mai wari, sau biyu sau uku a rana. Na ce gudawa ce, na aika kemis aka sayo maganin tsai da zawo na ba shi. Da bai tsaya ba, na koma cewa iskanci ne. Ina tambayarshi, "Me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ban sani ba ya fito." In ce, "Mutum ya yi kashi bai sani ba? Ƙarya kuma ka fara?" Gaskiya yake faɗa. Sai daga baya na san haka.

Ranar sunan Binta aka ɗinka mashi sabuwar shadda fara, riga da wando da hula. Ina zaune gefen gado, ɗakin cike da mata, dangina da dangin babanku da malaman makarantarmu. Ya shigo yana so ya nuna mani hular. Kafin ya iso wari ya riga shi. Wata ta toshe hanci da gyale. Da na ja shi bayan labule na sauya mashi, da ba wanda zai tuna. Maimakon haka na juya shi, na nuna wa ɗakin bayan wandon, na ce, "Ku gani, ƙato da shi, ya yi ƙanwa, amma kullum haka nake fama." Wai don kada a ce ni ce ban iya tarbiyya ba. Akwai yara a bakin ƙofa. Kafin magariba sun laƙaba mashi suna, suna rera shi da tafi. Ba zan rubuta sunan ba. Ya bi shi har aji uku na firamare, shekaru bayan ciwon ya wuce.

Daga ranar sai wandunanshi suka fara ɓacewa. Na nema na rasa. Wata Asabar ina share kicin na janye buhun gawayi, na tarar da guda biyar a dunƙule a bayanshi, sun bushe. Yaron da bai cika shekara huɗu ba ya koyi cirewa da ɓoyewa da neman wani ya sa, duk shi kaɗai. Ina so in ce maki tausayi ne ya fara zo mani da na gan su. Ba shi ba ne. Fushi ne, kuma ya sha duka a ranar.

Don haka, Zulai, maganar wandon Halifa ta tsaya tsakaninki da shi da ubanshi. Kada ki ba da labarin a gabanshi, ko a waya, ko da wasa, ko da kina ganin hankalinshi na kan wani abu. Yana ji. Kalmar ƙazami ki cire ta daga bakinki. In ya ɓata, ki ce, "Zo mu wanke," da muryar da za ki ce zo ka ci abinci. In kin ga ya fara ɓoye wando, ki sani ba wayo ya yi ba, ke ce kika zama abin tsoro. Ki ajiye mashi bokiti mai murfi ki ce, wanda ya ɓaci ka sa nan, ba mai yi maka faɗa, kuma ki cika alkawarin.

Na kuma biye wa kowa. Wata ta ce ɗankanoma ne, aka kawo jiƙo. Wata ta ce a fere sabulu a tura mashi, muka danne shi mu biyu muka tura, a wurin da yake da tsaga. Wata ta kawo ganyen filasko, na dafa na ɗura mashi, cikinshi ya yi ta murɗa yana birgima a tabarma. Kowane magani ya ƙara tabbatar mashi cewa duk abin da ya shafi wajen nan azaba ce. A ƙarshe ya gano da kanshi cewa abinci ne ke zama kashi, sai ya rage ci. Loma biyu ya ce ya ƙoshi. Wuya ya yi siriri, ciki ya fito.

Kin san babanku ba mai yawan magana ba ne, kuma a ganinmu na lokacin wannan sha'anin mata ne. Wata safiya na saɓa jaka zan tafi makaranta, ya ce, "Yau ba za ki ba. Asibiti za mu kai yaron nan." Na ce ai ba wani ciwo ba ne, taurin kai ne. Ya ce, "To, mu je likita ya gaya mana maganin taurin kan."

Likitan wani dattijo ne mai furfura. Ya kwantar da yaron, ya ɗumama hannuwanshi tukuna, ya dinga latsa cikin a hankali. Sai ya ce, "Malama, kawo hannunki." Ya ɗora yatsuna a gefen hagu, ƙasa da cibiya. Na ji wasu ƙulluttai a jere kamar goruba cikin buhu.

Ya ce, "Kin ji? Wannan na makonni ne."

Na ce, "Likita, ai zawo yake yi kullum."

Ya ce, "Kin taɓa ganin kwata ta toshe? Shara ta tsaya cak, amma ruwa na tsiyayowa ta gefe. Shi ne abin da kike gani a wando. Hanjin ya cika ya buɗe har ya daina gaya mashi lokaci ya yi. In ya ce maki bai san ya fito ba, bai sani ba ɗin ne. Me kika ba shi?"

Na lissafa mashi. Da na zo kan maganin tsai da zawo, ya ɗaga kai ya dube ni, ya mai da kai ga rubutunshi. Sannan ya sunkuya wajen yaron ya ce, "Samari, in za ka yi, zafi yake yi maka?" Yaron ya gyaɗa kai. Likita ya ce, "Wa ka gaya wa?" Yaron ya juya ya dubi babanshi. Ina tsaye kusa da shi, hannuna bai ma bar cikinshi ba, amma ni bai dube ni ba.

Wata biyar ina fama, tambayar nan guda ban taɓa yi mashi ba. Ke ki yi wa Halifa ita, ba lokacin da yake laɓe ba, lokacin da kuke zaune lafiya. Kuma ki kai shi asibiti cikin makon farko da isarku, kada ki jira sai kin gama jera ɗaki. Ki faɗa wa likita komai: kwana nawa yake yi bai yi ba, yaya kamannin abin, ko akwai jini, me kika taɓa ba shi. Ba wurin kunya ba ne. In kuwa kin ga amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko zazzaɓi, ko jini ya yi yawa, ko yaro yana ramewa, wannan ba a kwana da shi. Sabulu da filasko da duk wani jiƙon da maƙwabta za su kawo maki, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye. Ban rubuta maki sunan maganin da aka ba Yayanku ba da gangan, don kada ki je kemis ki saya. Likitan da ya taɓa cikin yaro shi zai faɗa.

An ba mu magani iri biyu, na fitar da wanda ya taru, da na tausasawa da za a riƙa sha kullum. Likita ya ce watanni za a yi ana sha. Cikin mako biyu yaro ya warware, yana ci, wando ya daina ɓaci. Sai matan gida suka ce in ya saba da magani hanjinshi zai mutu, ba zai ƙara yi da kanshi ba. Ni ma na ga ai ya warke. Na daina ba shi, ban gaya wa babanku ba. Kwana goma muka koma gidan jiya, har da tsagar. Da muka koma asibiti ina jiran faɗa, likitan bai yi ba. Ya ce kawai, "Hanjin da ya yi wata biyar a buɗe ba ya komawa cikin mako biyu. Kuma ba hanjin kaɗai muke jira ba, muna jiran yaron ya manta da zafi." Ki riƙe wannan. Ranar da kika ga sauƙi ba ita ce ranar daina magani ba. Likitan da ya sa shi, shi ne zai ce a rage.

A hanyar dawowa babanku ya ce, "Ke ki bar mana wannan aikin, ni da shi." Raina ya ɓaci, na kwana biyu ina amsa mashi magana a taƙaice. Shi kuwa ya shiga shago ya ƙera wata 'yar kujera ta katako, gajera, mai rami a tsakiya daidai yaro, da wurin tura fo a ƙasa, ya goge ta sumul don kada ta soke shi. Ya ajiye ta a lungun zaure, ya rataya tsohon zane ya kare. Kowace safiya bayan koko, da kuma bayan tuwon yamma, sai ya ce, "Malam ƙarami, mu je ofis." Yaro ya zauna, shi ya zauna bisa benci a wannan gefen zanen, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, yana goge wani katako. Yakan miƙa mashi guntayen katako ya yi ta jerawa. Ba ya cewa yi, ba ya cewa yunƙura. In an ɗan jima, kamar minti goma, ba a samu komai ba, sai ya ce, "To, an tashi ofis, sai anjima." Su fito.

Kwana tara suna haka ba abin da ya faru. Ina kallo daga ƙofar kicin ina cewa a raina wasa kawai ake yi. A na goma na ji babanku ya ce, "Madalla." Shi ke nan abin da ya ce. Ya wanke shi da kanshi, ya zaro dabino ɗaya daga aljihu ya ba shi. Bayan nan ma an yi ta ɓata wando jefi-jefi, wani makon a ci gaba wani a koma baya. Tun farkon damina suka fara, sai da aka ci kaka aka shiga zafi kafin a ɗauke kujerar daga zaure. Na so in ce ni na warkar da ɗana. Ba ni ba ce. Abin da na yi mai amfani a watannin nan shi ne ba da magani kan lokaci da rufe bakina.

Ki sa baban Halifa cikin maganar tun daga ranar farko. Shekara uku yana ganin ɗanshi hutu zuwa hutu, wannan ma hanya ce ta su saba. Kada ki ce aikin mata ne, kada shi ma ya ce. Ku zaɓi lokaci bayan cin abinci, don lokacin ciki ke motsi da kanshi, ku riƙe shi kullum. Ki yaba mashi don ya zauna, ko bai yi komai ba. In ya ce sai an sa mashi ƙunzugu zai yi, ki sa mashi ya yi, a cire. Ba komawa baya ba ne. Fitar abin ta fi wurin da ya fita muhimmanci, wurin zai zo daga baya. Ran da kika ji hannunki na ƙaiƙayi, ki fita tsakar gida ki sha ruwa, ki bar ubanshi ya ƙarasa.

Wajen abinci kuwa ni ma ina da laifi a kan Halifa, ba sai na koma shekara talatin baya ba. Ni ce mai aikawa shagon lungu a sayo mashi biskit duk sanda ya ɓata fuska, don jika ne kuma ba na son kukanshi. Yaron nan biskit ne da burodi da taliyar leda ke riƙe da shi, ruwa kuwa sai an bi shi da kofi. An ce Lokoja ta fi nan zafi. Ki ajiye mashi gorarshi inda hannunshi zai kai. Gwanda, kankana, lemo, wake, kwaɗon zogale, miyar kuka da ta kuɓewa, ki riƙa sa su gabanshi ba tare da dogon bayani ba, ku ci tare. Amma kada ki ɗauka gwanda za ta maye gurbin likita. In abin ya riga ya taru, abinci kaɗai ba ya fitar da shi.

In kun sa shi makaranta, ki samu malamarshi ita kaɗai ki gaya mata, ki sa wando biyu da leda a jakarshi. Ki roƙe ta duk sanda ya nemi fita ta bar shi. Na shekara talatin ina koyarwa, na san abin da muke yi. Yaro ya ɗaga hannu, mu ce sai an tashi tara. Ni kaina na faɗa wa yara da yawa haka kafin abin ya zo gidana, wasu ma bayan ya zo.

Kafin in zauna rubutun nan na kira Yayanku a Kaduna, don labarinshi ne, ba zan ba da shi bai sani ba. Kin san yadda muke da shi. Ba ya saɓa mani, ba ya wuce Juma'a bai kira ba, amma gaisuwa ce da tambayar me ake buƙata. Shekarar da aka yi mashi aiki a asibiti sai daga bakin matarshi na ji, bayan an sallame shi. Muka gaisa, na tambayi yara, na yi ta kewaye-kewaye. Sannan na gaya mashi halin da Halifa ke ciki, na ce ina so in rubuta maki abin da ya faru da shi yana ƙarami, in bai yarda ba in bari. Na ɗauka zai ce bai tuna ba.

Sai ya ce, "Inna, ki rubuta mata. Ba komai."

Na ce, "Na yi maka ba daidai ba a lokacin. Ka yafe mani."

Ya ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan. Ai ya wuce." Ya ɗan yi dariya. Ya ce, "Ni ba dukan na fi tunawa ba ma. Ruwan ɗumi nake tunawa. In na ɓata wando, ke da kanki kike wanke ni, kina faɗa, amma sai kin surka ruwan tukuna. Ina jin lokacin ne kaɗai kike riƙe ni."

Na ce, "Haka ne?"

Ya ce, "Haka nake tunawa. Wataƙila yarinta ce."

Ba yarinta ba ce. Na zauna na duba, haka ne. Kunyar ɗan fari ta hana ni ɗaukarshi gaban mutane, gidan haya kuwa ba inda ba mutane. Muka yi sallama, ya ce in gaishe ki, zai kira ki in kun isa.

Halifa ma ɗan fari ne. Na ga ba ki ɓoye sunanshi kamar mu, amma na ga shekarun nan karatu ya ɗauke ki, sau da yawa ba ki juyowa kanshi sosai sai wando ya ɓaci. Yanzu kin gama. Ki ɗora shi a cinya da rana tsaka, wandonshi a bushe, ba don ya yi komai ba.

Iyakar abin da nake da shi ke nan. Allah Ya ba Halifa lafiya mai ɗorewa, Ya raya shi bisa tafarkin gaskiya, Ya ba ki haƙurin da ban samu ba sai a makare. Allah Ya jiƙan babanku da Iya, Ya haskaka makwancinsu. Ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtan da za ku tarar, Ya tsare fitarku da shigarku, Ya sa mu gana cikin alheri. Ki gaishe da baban Halifa da kyau. Ki ce wa maigidan nawa matarshi ta Katsina na gaishe shi, kuma biskit ya ƙare a shagon lungu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Inna.